Karin Harshe da Asali a Ajin Horar da Masu Ba da Shawara: Wariyar Malami da Alhakin Jami'a

1.0 Gabatarwa

A ƙaddara wani ɗalibi ɗan Buza ya kai shekarar ƙarshe a sashen da ake horar da masu jagoranci da ba da shawara. Darasi da Faransanci ake yin sa, amma ranar gwaji malami ya ce a yi da Hausa, tunda da ita za a yi aiki idan an fita. Aka zaunar da ɗalibin a kujerar mai shawara, abokin karatunsa ya shigo a matsayin mai kawo kuka. Ɗalibin ya tarbe shi da cewa, "Zamna, ka hwaɗa mini abin da anka yi." Malami ya katse shi, ya maimaita jimlar yana kwaikwayon muryarsa, ya ce wannan Hausar ƴan ci-rani ce, sannan ya tambaye shi ko su wane ne iyayengijin kakanninsa. Aji ya fashe da dariya. Da sakamako ya fito, ɗalibin ya sami 8 bisa 20, an kuma rubuta masa cewa bai iya magana da jama'a ba.

Wannan kwatance ne, ba a jingina shi ga wani malami ko wata jami'a ba. An kawo shi ne domin ya tattara tambayoyin da maƙalar za ta amsa: mene ne matsayin jimlar ɗalibin a ilimin kimiyyar harshe, yaya hukuncin kunne yake rikiɗewa ya zama hukuncin alƙalami, me ya sa ɓarnar ta fi muni a horon masu ba da shawara, kuma ina alhakin jami'a ya fara, ina ya tsaya. An ɗauki gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa a matsayin fagen misali, domin a nan batun karin harshe da batun asali suna tafiya a sarƙe.

2.0 Yankin da mutanensa

Buza da Keita suna cikin tsaunukan Adar, Madawa kuwa tana kudu, inda ƙasar Adar ta haɗu da ta Gobir kusa da iyakar Nijeriya. Hausawa ne suka fi yawa, Adarawa da Gobirawa, tare da Abzinawa da Fulani. Abzinawan Kel Geres sun daɗe da kafuwa a kewayen Madawa, sarautar Keita kuma tana hannun zuriyar Lisawan. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun a 1975. Ita kuwa Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan bauta da aikin raya karkara a Adar, ta bi sawun zuriyar bayi tun daga ƙarni na 19 har zuwa zamanin babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin harshe a binciken Rossi shi ne sauya harshe. Iyalai da dama waɗanda kakanninsu suka kasance ƙarƙashin Abzinawa sun bar Tamashek sun koma Hausa, kuma wannan sauyi yana tafiya ne tare da neman fita daga tsohon matsayi. Ke nan a wannan yanki harshen da mutum yake magana da shi, da irin lafazin da ya rage a bakinsa, suna iya zama alamar tarihin da iyalinsa suka yi shekaru suna ƙoƙarin rufewa. Malamin da ya taɓa lafazin ɗalibi a gaban aji yana iya taɓa abin da ya fi lafazi zurfi, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Jimlar ɗalibin a ma'aunin ilimin harshe

Adaranci yana cikin rukunin karuruwan Hausar yamma, tare da Sakkwatanci da Gobiranci da Arewanci da Kurhwayanci. Bernard Caron ya yi masa cikakken nazari a littafin da ya wallafa a 1991. Ga kaɗan daga siffofin da Hausar yamma ta bambanta da daidaitacciyar Hausa:

Ta fuskar tsarin sauti, inda daidaitacciya take da f, Hausar yamma takan zo da hw kafin wasalin a, da h kafin i, kamar hwari da hwaɗa da tahi, a madadin fari da faɗa da tafi. Ta fuskar lokutan aiki, shuɗaɗɗen lokaci na biyu yana zuwa da munka da kunka da sunka da anka, a madadin muka da kuka da suka da aka; a tilo kuma akan sami naso, kamar yaz zo da tat tahi. Dirka ita ce na da ta, inda Kananci yake da ne da ce. Mallakar namiji tilo takan zo da -nai, kamar gidanai a madadin gidansa.

Kalmar zamna ta cancanci a tsaya a kanta. A 1928 masanin harshe Bajamushe August Klingenheben ya bayyana yadda wasu baƙaƙe na ƙarshen gaɓa suka raunana a tarihin Hausa. Ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye shi ne komawar baƙin leɓe zuwa u, wanda ya game Hausar gabas bai game ta yamma ba. Saboda haka zamna da sabka da amre su ne tsofaffin siffofi, zauna da sauka da aure kuma daga baya suka samu. Abin da malamin kwatancenmu ya ji a matsayin gurɓatacciyar Hausa ya girmi Hausar da yake auna ta da ita.

Daidaitacciyar Hausa kuwa yarjejeniya ce ta rubutu. An gina ta galibi a kan Kananci ta hanyar ayyukan hukumomi da tarurruka: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, Hukumar Harshen Hausa ta Arewacin Nijeriya a 1955, taron Bamako na 1966, da taron daidaita rubutu tsakanin Nijar da Nijeriya da aka yi a Yamai a 1980. Amfaninta a littafi da jarida da takardar jarabawa a fili yake. Sai dai zaɓen da aka yi mata zaɓe ne na tarihi da sauƙin aiki. Babu wani ma'auni a ilimin harshe da ya nuna cewa suka ta fi sunka tsari ko hankali.

Wannan batu ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kafin nan, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10. Duk lokacin da aka ɗaga darajar harshe, tambayar da take biyowa ita ce Hausar wa za a ɗauka. Idan ba a yi hattara ba, ƙasƙancin da mai Hausa ya sha a gaban Faransanci shi ne Ba'adare zai sha a gaban daidaitacciyar Hausa.

4.0 Yadda kunne yake yanke hukunci

Masana walwalar harshe sun daɗe da gwada abin da mai sauraro yake yi da murya. A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa suka naɗi muryoyin wasu mutane masu harshe biyu a birnin Montreal na Kanada, kowannensu ya karanta nassi ɗaya da Ingilishi da kuma Faransanci. Masu sauraro ba su san mutum ɗaya suke ji sau biyu ba. Suka fifita muryar Ingilishi a halaye irin su basira da kwarjini. Abin da ya fi ban mamaki shi ne masu Faransanci su ma haka suka yi, wato sun riga sun karɓi ƙasƙancin da aka ɗora wa harshensu.

A 1992 Donald Rubin ya sa ɗaliban wata jami'a a Amurka su saurari lacca da wata haifaffiyar mai magana da Ingilishi ta naɗa. Wasu aka nuna musu hoton Baturiya, wasu kuma hoton mace ƴar Asiya, a matsayin mai maganar. Waɗanda suka ga hoto na biyu sun ce sun ji baƙon lafazi, kuma makinsu na fahimta ya fi ƙasa, alhali kaset ɗaya ne. A 1999 kuma John Baugh da abokan bincikensa suka wallafa sakamakon kiran wayar da ya yi wa masu ba da hayar gidaje a yankin San Francisco da karuruwan Ingilishi guda 3. Samun izinin zuwa ganin gida ya bambanta gwargwadon karin da ya yi amfani da shi da kuma unguwar da ya kira.

Darussa biyu suke fitowa daga nan. Na farko, mai sauraro yakan ji abin da ya riga ya yi tsammani, don haka malami yana iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa ɗalibin bai yi bayani sosai ba, alhali sunan garinsu ne ya riga shi shiga kunnen malamin. Na biyu, wanda ake yi wa wariyar yakan yarda da ita, shi ya sa ƙarancin ƙorafi ba hujja ba ce ta rashin matsala. Masana sun ba wannan hali suna. Tove Skutnabb-Kangas ta yi rubutu a kansa tun a shekarun 1980, Philippe Blanchet kuma ya wallafa littafi a kansa a Faransa a 2016, har majalisar dokokin ƙasar ta amince a karatun farko, a watan Nuwamba na 2020, da ƙudurin da ya sa wariya saboda lafazi cikin jerin wariyar da doka take hukuntawa. A Hausa muna iya kiran sa wariyar harshe.

5.0 Kalmomin asali da nauyinsu

Tambaya ta biyu da malamin kwatancenmu ya yi ta fi ta farko haɗari. A Adar akwai kalmomin da ma'anarsu ta ƙamus ba ta kai nauyinsu na zamantakewa ba. Kalmar Buzu a Kano ko Zariya tana nufin duk wani Ba'abzine, amma a Adar takan taƙaitu ga wanda ake dangantawa da zuriyar bayi, waɗanda ake kira iklan da Tamashek. Kalmar Azna, da asali take nuni ga tsofaffin mazauna ƙasar, takan ɗauki ma'anar raunin addini a wasu bakuna. Haka ma ambaton maƙera ko mahauta yakan zama hanyar tuna wa mutum gidan da ba za a ba shi aure ba.

Waɗannan kalmomi ba tsohon labari suke bayarwa ba. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka da dokar watan Yuni na 2003, bayan fafutukar ƙungiyoyi irin su Timidria, wadda aka kafa a 1991. A 2012 Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka fitar da rahoto kan al'adar wahaya, wato mallakar mace ƴar zuriyar bayi a matsayin ta biyar bayan matan aure huɗu, kuma jihar Tawa, har da Madawa da Buza da Ƙonni da Illela, ita ce cibiyar bincikensu. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara 4 a kan wannan laifi.

Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna a littafinsa na 1962 cewa wasu maganganu aiki ne da kansu: alƙalin da ya ce ya ɗaure ka, ya ɗaure ka ɗin. Ƙarfin irin wannan magana yana fitowa ne daga matsayin mai yin ta. Idan yaro ya kira wani da sunan asali a bakin rijiya, zagi ya yi. Idan farfesa ya yi haka a aji, ya sanya ɗalibin a wani gurbi a gaban waɗanda za su zama abokan aikinsa, ya kuma ba su izinin su ci gaba da ajiye shi a wurin.

6.0 Dalilin da ya sa horon shawara ya fi rauni

Wariya a kowane aji ɓarna ce, amma akwai dalilan da suka sa ta fi cutarwa a wannan fanni.

Dalili na farko shi ne yanayin awo. A lissafi, amsa ko dai daidai ce ko kuskure, kuma wani malami zai iya sake duba takarda. A horon shawara kuwa ana auna natsuwa da iya sauraro da tausasa murya da dacewa da aiki. Waɗannan abubuwa suna hannun ganin malami, kuma a irin wannan awo ne son zuciya yake samun maɓoya. Gwajin baka da ba a naɗa ba, ba ya barin shaida.

Dalili na biyu shi ne tsarin koyon kansa. Ana bukatar ɗalibi ya buɗe cikinsa, ya faɗi tarihin gidansu da abin da yake tsoro, domin ya san kansa kafin ya zauna da masu damuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma wanda aka buɗe wa cikin shi ne mai ba da maki, kuma shi ne mai sa hannu a takardar kammala aikin gwaji. Ɗalibar da ta faɗi cewa kakarta wahaya ce ta miƙa wa malami abin da zai iya taimaka mata da shi, kuma zai iya karya ta da shi.

Dalili na uku shi ne gado. Carl Rogers, a maƙalarsa ta 1957, ya sa karɓar mai neman shawara ba tare da sharaɗi ba, da fahimtar halinsa daga inda yake tsaye, cikin sharuɗɗan da shawara ba ta yin amfani sai da su. Ɗalibi ba ya koyon waɗannan daga allo kawai, yana koyon su ne daga yadda aka yi masa. Waɗanda suka yi dariya a ajin nan su ne gobe za su zauna da uwar yaro mai tamowa a asibitin Madawa, da yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta a wani ƙauyen Keita, da ƴan gudun hijirar da rikicin ƴan bindiga ya koro daga jihar Sakkwato zuwa ƙaramar hukumar Bangi. Dukkansu da Hausar yamma ko Tamashek ko Fulatanci za su kawo kukansu. Mai shawarar da aka koya wa cewa wannan lafazi abin dariya ne ya rasa kayan aikinsa tun kafin ya fara. A gaskiya ma ɗalibin nan ɗan Buza shi ne ya fi kowa dacewa da wurin, kuma shi aka kayar.

7.0 Kariyar da akan kawo

Kariya ta farko ita ce wasa. Nijar tana alfahari da wasan taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, suna iya jifan juna da maganar da a wani wuri za ta jawo faɗa. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: wanda aka tsokana yana da haƙƙin ramawa, kuma babu mai riƙe da abincin wani. Ɗalibi ba zai iya rama wa mai ba shi maki ba. Da zarar ramuwa ta faɗi, abin da ya rage habaici ne, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Kariya ta biyu ita ce ƴancin malamin jami'a. Wannan ƴanci gaskiya ne, kuma wajibi ne a tsare shi. Malami yana da damar koyar da tarihin bauta a Adar ba tare da sakaya ba, yana da damar nazarin kalmomin ƙasƙanci ɗaya bayan ɗaya, yana kuma da damar neman a rubuta rahoto da daidaitacciyar Hausa ko da Faransanci mai kyau. Shawarar UNESCO ta 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu ta tabbatar da wannan ƴanci, amma ta haɗa shi da wajibcin yi wa ɗalibai adalci ba tare da bambanci ba. Iyakar a fili take: nazarin kalma daban, jifan ɗalibi da ita daban.

Kariya ta uku ita ce rashin niyya. Binciken da aka ambata a sama ya nuna cewa hakan yana yiwuwa. Sai dai rashin niyya yana iya sassauta hukuncin malami, ba ya mayar wa ɗalibi shekarar da ya maimaita.

8.0 Alhakin jami'a: abin da shari'o'i suka koyar

Akan ce laifin malami nasa ne shi kaɗai. Shari'o'i huɗu sun nuna inda wannan magana ta gaza.

Ta farko daga jihar Tawa ta taso. An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240 na sefa. Bayan ta sami takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 bisa zargin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zaman da ta yi a Yamai, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ba ita ta saye ta ba. An kama ta ne da laifin cewa hukumominta, musamman alƙalai, sun ga halin bauta a gabansu ba su ɗauki mataki ba. Hukumar da take da ikon hanawa, ta sani, ta yi shiru, ta ɗauki rabonta na alhaki.

Ta biyu ta shafi karin harshe kai tsaye. A 1979 alƙali Charles Joiner ya saurari ƙarar da aka shigar a madadin wasu yara baƙar fata na wata makarantar firamare a Ann Arbor ta jihar Michigan. Masana harshe irin su William Labov da Geneva Smitherman sun ba da shaida cewa Ingilishin yaran kari ne mai tsari. Kotu ta ga cewa rashin sanin wannan a wurin malamai yana tare wa yaran hanyar koyon karatu, ta kuma umarci hukumar makarantun ta tsara horo ga malamanta. Hukuncin ya hau kan hukuma, domin ita ce ya kamata ta shirya malaman.

Ta uku daga fannin horon shawara ta fito. A 2009 jami'ar Eastern Michigan ta kori wata ɗaliba, Julea Ward, bayan ta nemi a miƙa wa wani mai shawara wani mutum da batunsa ya shafi alaƙar jinsi ɗaya, saboda aƙidarta ta Kirista. Jami'a ta ce tana kare mai neman shawara daga wariya ne, ɗalibar kuma ta ce malamanta ne suka nuna mata wariyar addini. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙarar ta cancanci a saurare ta, tana duban ko an yi aiki da ƙa'idar miƙa mai neman shawara daidai wa daida ga kowa, da kuma irin tambayoyin da malamai suka yi mata a zaman ladabtarwa. Daga baya aka sasanta a kan dala 75,000. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin tsari ɗaya ne: sashen horon shawara yana da amana biyu, ta ɗalibi da ta mai neman shawara, kuma abin da zai kare shi shi ne rubutacciyar ƙa'ida da ake aiki da ita ba zaɓe.

Ta huɗu daga Nijeriya take. A 2018 wani sautin waya ya bazu, inda aka ji Farfesa Richard Akindele na jami'ar Obafemi Awolowo yana neman lalata da ɗaliba domin maki. Jami'a ta kore shi a watan Yuni, babbar kotun tarayya da ke Osogbo kuma ta yanke masa ɗaurin shekara 2 a watan Disamba. Laifin daban ne, amma tushensa ɗaya da namu, wato maki a hannun mutum ɗaya. Abin lura shi ne sai da shaida ta fita bainar jama'a sannan hukunci ya zo da sauri. Jami'ar da ɗalibanta ba su da hanyar samun adalci sai ta Facebook ko WhatsApp, tsarinta na cikin gida yana da gyara.

A Nijar ba a rasa madogara ba. Aya ta 102 ta kundin hukunta laifuka ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga aikin wariyar launin fata ko ƙabila da farfagandar ɓangaranci. Yarjejeniyar UNESCO ta 1960 kan yaƙi da wariya a ilimi ta ambaci harshe da asalin zamantakewa da haihuwa a fili. Majalisar CAMES, wadda take tantance ƙarin girman malaman jami'o'in ƙasashe da dama masu aiki da Faransanci, tana da kundin ɗa'ar aiki.

9.0 Abin da jami'a za ta iya yi

Jami'ar Tawa, da aka kafa a 2010 tare da na Maraɗi da Damagaram, tana da tsangayar ilimin tarbiyya, babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Abdou Moumouni kuma tana yaye masu duba makarantu da masu ba malamai shawara. Matakan da za a ambata sun shafi su da duk wata cibiya mai irin wannan aiki, kuma yawancinsu ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

A rubuta ma'aunin gwajin baka, a ba ɗalibai tun farkon shekara, a kuma bayyana a ciki cewa karin harshe ba ya cikin abin da ake aunawa. A naɗi gwajin, ko malamai biyu su zauna, domin a sami abin komawa idan an yi jayayya. A raba mai sauraron sirrin ɗalibi da mai ba shi maki gwargwadon iko. A buɗe ƙofar ƙorafi wadda ba ta bi ta ofishin wanda ake ƙara ko na amininsa, a sa mata wa'adin amsa, a kuma ɗauke makin mai ƙorafi daga hannun malamin har a gama bincike. A ba malamin cikakkiyar damar kare kansa, domin ƙazafi ma zalunci ne, kuma kwamitin da ba ya sauraron ɓangare biyu ba zai sami amincewar ƙungiyar malamai ta SNECS ko ta ɗalibai ta USN ba. A riƙa duba sakamakon shekaru a ga ko ɗaliban wani yanki suna yin kyau a rubutacciyar jarabawa suna faɗuwa a ta baka, domin irin wannan tazara takan tona abin da babu wanda ya kai ƙararsa. Idan laifi ya tabbata, a haɗa hukunci da gyara, wato a sake wa ɗalibi gwaji a mayar masa da haƙƙinsa.

Sashen kimiyyar harshe yana da nasa rabon. Gwajin Lambert ba ya bukatar fiye da wayar hannu da mai magana ɗaya da ya iya Adaranci da daidaitacciyar Hausa. Ɗalibin da yake neman batun kundin kammala karatu zai iya gudanar da shi a Tawa ko Maraɗi ko Yamai, ya ba mahukunta alƙaluman da za su yi aiki da su. Haka kuma malaman sashen za su iya shirya gajeren darasi kan karuruwan Hausa da kalmomin asali domin sassan da suke horar da masu ba da shawara.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jimlar ɗalibin nan ɗan Buza ingantacciyar Hausa ce mai tsari da tarihi, cewa kunnen mai sauraro yakan yanke hukunci kafin magana ta ƙare, kuma cewa a Madawa da Buza da Keita lafazi da kalmomin asali suna taɓa raunin da bai warke ba. Ta kuma nuna cewa horon shawara ya fi sauran fannoni buɗe wa wannan ɓarna ƙofa, saboda awonsa na gani ne, kuma abin da aka yi wa ɗalibi yakan isa ga mabukatan da zai zauna da su. Malami shi yake da alhakin furucinsa. Jami'a kuwa ita ta ba shi aji, ita ta amince da makinsa, hatiminta ne kuma a kan takardar shaida, don haka daga ranar da ta sani, ko ya kamata ta sani, alhakin ya zama nata. Tsara hanyar ƙorafi da ma'aunin gwaji ba zargi ba ne ga malamai, waɗanda akasarinsu suna riƙe da amanarsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.